Makarantar koyon tuƙi ta wajen Zoo Road a Kano: ajin ya biya kuɗinsa, motocin kuwa sai haƙuri

Ni fa ba don in koyi tuƙi na je ba, shekarata wajen tara ina jan mota daga Hotoro zuwa Kwari kullum, kawai lasin ne ban taɓa yi ba, da na tashi yi aka ce dole sai da takardar makarantar da 'yan Rod Sefti suka amince da ita, kuma sai ka je darasi sau 26 kafin kwamfuta ta sake ka ka je wajen VIO, jami'an duba motoci, gwaji. Haka na biya ina ƙunƙuni.

Motocinsu biyu. Ɗaya kulocinta sai ka taka kamar kana da gaba da ita, ɗayar kuma madubin gefe da salatif aka ɗaure shi, ga ba AC, ƙarfe ɗaya na rana a gosulon Dangi ka ji a jikinka. Lokaci ma ba sa cikawa, a ce maka takwas sai tara saura malamin ya shigo yana goge baki.

Amma ajin ranar Asabar, wanda kowa ke gudu, nan kuɗina ya fita. Wani dattijo ne ke yi, tsohon direban tirela, ba ya sauri. Ranar ya tambaye mu meye bambancin a dakatar da lasin mutum da a soke shi, na yi caraf na ce ai duk ɗaya ne Baba, an ƙwace kenan. Ya yi dariya ya ce "Yaro, kana da mata?" Na ce eh. Ya ce to dakatarwa yaji ne, ta tafi gidansu amma igiyar aure na nan, ka yi biko, ka cika sharuɗɗa, lokaci ya yi ta dawo ɗakinta. Sokewa kuwa saki ne har idda ta cika, in ma an yarda ka dawo to sabon nema ne da sabon sadaki, kuma ba lallai a ba ka ba. Wallahi ajin gaba ɗaya aka fashe, amma tun ranar abin ya zauna min.

Sai ya zana mana lissafin a allo. Ashe kowane laifi da makinsa a tsarin FRSC, wato hukumar Rod Sefti, ba tara kaɗai ba: waya a kunne kana tuƙi maki 4, rashin ɗaura bel 2, gudun wuce ƙa'ida 3, tuƙin ganganci 10 lokaci guda. Maki 10 zuwa 14 gargaɗi ne, 15 zuwa 20 dakatarwa, daga 21 zuwa sama a janye lasin ɗin. Na zauna ina ƙirga nawa a raina, waya kaɗai in da ana kama ni duk ranar da na ɗaga kiran kwastoma a danjar Gyaɗi-Gyaɗi da kafin sati ya ƙare na zama ɗan adaidaita sahu na ƙarfi da yaji, fasinja nake nufi.

Wani ɗan acaɓa da ya koma mota ya ce to shi an taɓa karɓe masa kati a hanya sai da ya biya tara aka ba shi, wannan wanne ne? Baba ya ce ba ko ɗaya, an riƙe katin ne kawai. Haka wanda lasinsa na shekara 3 ko 5 ya ƙare, shi sabuntawa zai yi, babu laifi a kansa sai in ya hau titi da shi a haka. Abin da ya fi jan kunnenmu a kai shi ne, wanda aka dakatar da lasinsa da wanda aka soke masa a titi hukuncinsu ɗaya, duk ba su da izinin riƙe sitiyari, kuma kar wani ya ce zai je ya yi sabo da wani suna, tunda an ɗauki zanen yatsunka da hotonka ranar farko.

Abin da ya ɓata min rai, yaron da ke ofis ya ja ni gefe wai in ƙara masa wani abu ya cike min ranakun ba sai na zo ba. Da na yarda da ban haɗu da Baba ba. Na faɗa wa mai wajen, ya ce zai yi magana, ban san ko ya yi ba.

Ƙanwata za ta fara wata mai zuwa, nan zan kai ta, amma na ce mata Asabar ko biki ake a gidanmu sai ta je aji tukuna.