Garejin hanyar Kalgo da ya gano abin da ke riƙe mini totur

Duk mai tsohuwar mota a Birnin Kebbi da totur ɗinsa ya fara tauri ko maƙalewa, ina ba shi shawara ya nemi bakanike irin wanda na samu a wani ƙaramin gareji da ke gefen hanyar Kalgo. Yadda ya bi matsalar daki-daki, daga ƙafata har cikin inji, shi ya sa na rubuta wannan.

Motata 'yar Beljiyam ce, irin mai waya daga totur zuwa inji. Tun shigowar hunturu take yi mini wani abu: da safe in na taka sai totur ya cije, sai na ƙara ƙarfi ya saki gaba ɗaya, motar ta zabura. Daga baya ta fara ƙin dawowa silo, wato inji ya lafa, in na ɗaga ƙafa. A cunkoson kasuwar Jega, tsakanin 'yan acaɓa da motocin albasa, wannan ba abin wasa ba ne.

Maigidan garejin dattijo ne marar yawan magana. Bai fara da buɗe bonet ba. Durƙusawa ya yi wajen kujerar direba, ya zare kafet ɗin roba, ya duba ko bakinsa na taɓa ƙasan totur, sannan ya danna totur ɗin da hannu, inji a kashe, yana saurare. Wani zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma kafet kaɗai ya isa ya jawo bala'i. A 2009 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci a Amurka saboda kafet na iya danne totur, a Janairun 2010 kuma ya sake janye kusan miliyan 2.3 saboda shi kansa totur ɗin na iya maƙalewa. Tawa ba ta cikin waɗannan, amma na ji daɗi da ya fara daga nan.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na gaba. Ya cire bakin wayar daga maƙogwaron inji, inda iska ke shiga, don ya raba hanyar gida biyu. Ya sa yaronsa ya taka totur, shi yana riƙe da wayar, sai ya ji tana ɗan karta a cikin bawonta. Sannan ya juya hannun maƙogwaron da yatsa, ya ji shi ma yana cijewa a farkon buɗewa. Ya kira ni: "Malam, zo ka gani. Injin wagga mota lahiya lau shike." Ya cire robar iska ya haska mini da tocilan. Gefen ɗan faifan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa ya yi zobe baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta. Tururin baƙin mai ne da inji ke mayarwa ciki, ya haɗu da ƙura ya daskare. Ita kuwa ƙurar ya nuna mini hanyarta: iyakilina, wato matatar iskar inji, ta yage a kusurwa ɗaya.

Ya wanke wurin da maganin fesawa da tsumma da tsohon buroshin haƙori, bai kankare da sukurdireba ba. Wayar kuma ya zaro ta ya nuna mini silin ƙarfe da suka tsinke suka miƙe kusa da baki. Yaronsa ya ce a zuba mata baƙin mai ta yi laushi, ya hana. Ya ce mai zai sa ta yi santsi na ɗan lokaci, ya kuma tara ƙura, silin da suka tsinke kuwa wata rana za su harɗe totur na buɗe. Ya aiki yaron ya sayo sabuwa da iyakilina, ya kawo mini canji da tsofaffin kayan a leda. Da ya ɗaura, ya bar wa wayar ɗan sako-sako kaɗan don faifan ya riƙa rufewa sosai, ya gwada sufirin da ke dawo da shi, sannan muka zaga tare yana sauraren silo.

Muna cikin zagayen ya tambaye ni abin da zan yi in totur ya maƙale ina gudu. Abin da ya faɗa daidai yake da abin da masu ƙera motoci ke cewa: a danne birki da ƙarfi a riƙe, kada a yi ta famfo, a sa giya a firi, mai kulochi ya taka kulochi, a gangara gefe sannan a kashe. Inji zai yi ihu, a ƙyale shi. Kada a zare makulli mota na tafiya, domin sitiyari na iya kullewa.

Wurin yana da nakasu. Inuwa ɗaya ce, ta bishiyar dogon yaro, benci ɗaya, kuma in dattijon na kan wata mota ba ya barinta sai ya gama, don haka a tafi da haƙuri. Ba shi da kwamfutar gwajin mota. Sababbin motoci ba su da waya, na'ura ce a jikin totur ke aika saƙo, ƙaramin moto ya buɗe faifan, kuma wasu bayan wanki sai an sake saita musu silo. Ina nan wani ya kawo irin wannan, dattijon ya duba kafet da ƙasan totur kawai, ya ce sauran aikin masu kwamfuta ne, bai karɓi ko sisi ba.

Kuɗin hannunsa bai kai na kayan da aka saya ba. Ya ce in riƙa duba iyakilina har ƙura ta kwanta, musamman in ina yawan bin hanyoyin ƙauye da ba kwalta.