Wane Littafi Mai Tsarki za ka saya don nazarin alheri da Shari'a?

Ƙanena a Garwa ya shiga ajin baftisma, sai batun alherin Allah da Shari'ar Musa ya tsaya masa a rai. Ya tara 'yan sefarsa, ya zo ya ce, "Yaya, wanne zan saya?" Abin da na gaya masa ke nan.

Da fari, kada ka sayi Sabon Alkawari kaɗai, duk da ya fi araha. Manzo Bulus, a wasiƙunsa ga Romawa da Galatiyawa, yana yawan magana ne a kan Shari'ar Musa. In ba ka da Fitowa 20 da Littafin Firistoci a hannu, za ka karanta Galatiyawa 3 ba tare da ka ji nauyin kayan da aka sauke maka ba.

Na Hausa kuwa, cikakken juyi na farko ya fito a 1932. Dattawa na ƙaunarsa, amma Hausarsa ta tsufa, samunsa ma aiki ne. Wanda ya fi yawa a majami'u shi ne juyin 1979, sai Sabon Rai Don Kowa na Biblica. Bambancinsu a kan wannan batu ba ƙarami ba ne. A wasiƙar Romawa, na 1979 yana cewa "Shari'a", Sabon Rai kuma "doka". Mu da muke zaune ƙofa da ƙofa da 'yan'uwa Musulmi, kalmar Shari'a tana zuwa mana da nauyin addini, umarnin Allah mai tafiyar da ci da sha da aure, kuma hakan ya yi kusa da abin da Bulus yake nufi. "Doka" ta fi sauƙi ga yaro, sai dai kunne kan kai ta wajen gwamnati da jandarma a bakin hanya. Ni na 1979 na fi so saboda wannan, ko da yake jimlolin Sabon Rai sun fi saurin shiga kai.

Kafin ka biya, tsaya a shagon ka buɗe Romawa 6, ka karanta aya ta 14 da ta 15 a bayyane. Ta 14 ta ce ba Shari'a ke mulkinmu ba, alheri ne. Ta 15 nan take ta hana mu mai da wannan hujjar zunubi. In ka fahimci biyun a karatu ɗaya, juyin ya dace da kai. Gwada Afisawa 2:8-10 ma.

Wanda ya yi boko da Faransanci zai iya haɗawa da juyin Faransanci na Louis Segond na 1910, ko Parole de Vie mai sauƙin harshe. In majami'arku da Fulatanci take sujada, juyin Fulatanci, wato Deftere Allah, shi ne zai fisshe ka ranar Lahadi. 'Yan Lutheran na Ngaundere da Garwa kuma sun san Ƙaramin Katakisman Luther na 1529, littafin koyar da bangaskiya ta tambaya da amsa, wanda ya soma da Dokoki Goma kafin Shaidar Bangaskiya. Ɗan ƙarami ne, ya cancanci kuɗinsa.

Manhajar YouVersion kyauta ce, tana barin ka jera juyi biyu ka gwada. Amma ranar da aka ɗauke wuta, waya ta mutu, karatu ya tsaya.

Sai ka duba jikin littafin. Buɗe tsakiyarsa ka ga ko ɗinkin zare ne ko manni, domin zafin Afrilu yakan busar da manni, ganye su fara zubewa, kamar yadda na mahaifiyarmu ya yi har ta ɗaure shi da ƙyallen atamfa. Nemi mai ayoyin nuni a gefe ko ƙasan shafi, waɗanda za su kai ka daga Galatiyawa 3 zuwa alkawarin Ibrahim a Farawa 15. In dattijo za ka saya wa, manyan haruffa sun fi bango mai kyau. Ƙanena dai na 1979 ya ɗauka, mai baƙin bango, ya sa tela ya ɗinka masa jaka saboda ƙurar hunturu.