Ofishin lauyan da ya tsaya wa ɗan ƙanwata a Jidda

Na jinkirta wannan rubutu har sai da shari'ar ta ƙare, domin ban so in yabi ofishi ko in kushe shi alhali aikinmu yana hannunsa ba. Ofishin lauyoyi ne matsakaici a arewacin Jidda, ƙasar Saudiyya, mai lauyoyi uku da sakatare ɗaya, kuma ba zan ambaci sunansa ba saboda sirrin gidanmu yana cikin takardunsa. Shi ne ya tsaya wa ɗan ƙanwata, yaron da aka haifa a nan, mai iƙama a hannu, wato takardar izinin zama, wanda jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka kama da ƙwayar tramadol 46 a cikin motar da yake kai wa mutane saƙo da ita. Ya fara shan ta ne saboda ciwon baya, ba tare da takardar likita ba, har ta zame masa jiki.

Kafin mu kai ga lauya, mutum biyu sun same mu har gida suna cewa suna da hanya, ɗayansu ma ya nemi riyal 30,000 don a “rufe fayil”. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma ƙanwata ta riga ta ciro zinariyarta. Abin da ya fara kwantar mini da hankali game da wannan ofishi shi ne, tun kafin mu zauna sakataren ya ba ni lambar lasisin lauyan, ya ce in duba ta da kaina a manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a. Na duba a gabansa, na same ta daidai.

Zaman farko ya ɗauki kusan awa ɗaya da rabi, kuma shi ne mafi amfani a duk abin da muka biya. Lauyan ya ɗauki farar takarda ya ja layi huɗu, kowane layi da lambar sashe daga dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta shekarar 1426 Hijiriyya, wato 2005. Sashe na 41 na wanda ya riƙe ƙwaya don shan kansa ne, ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu. Sashe na 39 na wanda ya riƙe ta ko ya ɗauke ta ba don sha ba kuma ba don sayarwa ba, shekara biyu zuwa biyar. Sashe na 38 na tarwiji ne, wato riƙewa da niyyar sayarwa ko rarrabawa, shekara biyar zuwa goma sha biyar da tarar riyal 1,000 zuwa 50,000. A nan ya tsaya ya dubi ƙanwata, ya ce doka ba ta bambanta wanda ya karɓi kuɗi da wanda ya bayar kyauta ba, saboda haka yaron da ya miƙa wa abokinsa ƙwaya biyu don zumunci yana iya faɗawa wannan layi. Na huɗu shi ne sashe na 37, wanda ya tanadi kisa ga mai fasa-ƙwaurin ƙwaya zuwa ƙasar, da mai karɓa daga hannunsa, da wanda aka sake samu da tarwiji bayan an taɓa hukunta shi, ko da yake kotu tana da ikon saukowa zuwa ɗaurin da bai gaza shekara goma sha biyar ba da tarar da ba ta gaza riyal 100,000 ba. An dakatar da zartar da kisa a laifin ƙwaya na ɗan lokaci, amma an ci gaba a Nuwamban 2022. Bulalar da ke rubuce a dokar kuwa, Kotun Ƙoli ta maye gurbinta da ɗauri ko tara tun 2020.

Sannan ya sa yatsa a layi na uku ya ce, “Masu gabatar da ƙara sun ajiye ɗanki a nan. Aikina shi ne in mayar da shi layi na farko. Wanke shi gaba ɗaya ba zai yiwu ba, domin ƙwayar a motarsa take, gwajin fitsari kuma ya nuna yana sha.” Ƙanwata ta juyo ta ce mini, “Yaya, ka tambaye shi ko za su bar mini shi a ƙasar.” Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce sashe na 56 ya wajabta fitar da duk wanda ba ɗan ƙasa ba bayan ya gama zaman gidan yari, ko da a nan aka yanke cibiyarsa, kuma ba ya dawowa sai gwargwadon abin da ƙa'idojin Hajji da Umra suka yarda. Ta yi kuka a ofishin, ni ma na ji zafin maganar, amma yau ina ganin wannan gaskiyar ce ta hana mu ƙarar da abin hannunmu a kan abin da babu shi.

Inda aikinsu ya fi burge ni shi ne batun wayar yaron. Tuhumar tarwiji ta dogara ne a kan yawan ƙwayar da wasu saƙonnin murya na WhatsApp da aka yi da Hausa, inda ake jin sa yana cewa “kaya sun iso” da “gobe zan kawo maka kayan”. An fassara su zuwa Larabci ta yadda mai karantawa zai ɗauka cinikin ƙwaya ake yi. Lauyan bai jin Hausa, amma bai ɗauki fassarar a matsayin magana ta ƙarshe ba. Ya zaunar da ni wuni guda ina yi masa bayanin cewa Bahaushe yana kiran tufafi kaya, da buhun shinkafa, da lefen amarya, har da nauyin iyali. Daga nan ya nemi a sake fassara saƙonnin a ofishin fassara mai lasisi, ya jera kowane saƙo kusa da ranar da yaron ya kai turamen atamfa da katan-katan na turare daga Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta Jidda, zuwa wani shago a Makka, ya haɗa da rasit da shaidar mai shagon. Ya kuma nuna cewa ba a sami kuɗin da ya wuce ƙima ba, ba a sami ƙananan ledojin ƙullawa ba, babu kuma wanda ya ce ya saya a hannunsa. Duk wanda ya tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a Disamban 2018, saboda jakar tramadol da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano, aka kuma sake ta a ƙarshen Afrilun 2019 bayan binciken NDLEA, ya san cewa a irin wannan shari'a takarda da hujja ne ke magana.

Kotun manyan laifuka ta Jidda ta yi watsi da tuhumar tarwiji, ta yanke masa wata takwas a ƙarƙashin sashe na 41, aka lissafa masa wata huɗun da ya riga ya yi a tsare. Masu gabatar da ƙara sun ɗaukaka ƙara cikin kwana 30 da doka ta ba kowane ɓangare, kotun gaba kuma ta tabbatar da hukuncin.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani. Mun yi yarjejeniya a kan riyal 18,000, a biya kashi uku, ban da harajin kashi 15 cikin ɗari, amma sai da aka ɗaukaka ƙara muka fahimci cewa kuɗin bai haɗa da wannan mataki ba, aka nemi ƙarin riyal 5,000. Yana rubuce a takardar da na sa wa hannu, sai dai sharaɗi irin wannan ya cancanci a faɗe shi da baki ga mutanen da hankalinsu ke tashe. Amsa waya ma tana da nawa. Akwai makon da na kira sau biyar ba a dawo mini ba, alhali uwa tana zaune a gabana tana jiran labari. A zama ɗaya kuma ƙaramin lauya aka tura ba tare da an sanar da mu ba. Babbar matsalar ita ce rashin mai jin Hausa a ofishin, duk da yawan mutanenmu a Jidda da Makka. Ni na iya Larabcin kotu daidai gwargwado, amma dattijuwar da ba ta da irina za ta fita ba ta kama rabin abin da aka faɗa ba, don haka a tafi da tafinta amintacce.

Duk da haka zan tura ɗan'uwana wurinsu, musamman idan gardamar a kan niyya take, tsakanin sha da tarwiji. A neme su tun ana bincike, domin dokar bin diddigin laifuka ta ba wanda ake tuhuma damar samun lauya tun a wannan mataki, kuma bai kamata ya dangwala yatsa a kan bayanin da bai fahimta ba. Wanda ba shi da hali, a manyan laifuka yana iya roƙon kotu ta naɗa masa lauya da kuɗin gwamnati. Wannan ma a bakinsu na ji, ko da yake ba ribarsu ba ce.

Ranar da muka je karɓar kwafin hukunci, lauyan ya karanta wa ƙanwata sashe na 42, wanda ya hana gurfanar da mai shaye-shaye idan shi da kansa, ko iyayensa, ko matarsa, ko wani danginsa ya kai shi neman magani, matuƙar ya miƙa abin da ke hannunsa. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, “Yaya, na ga ƙwayar a aljihun rigarsa tun kafin azumi.” Yaron yanzu yana Kano wurin kawunsa, bayan mako uku a sansanin Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a fitar daga ƙasar. Ita kuma ta raka maƙwabciyarta da ɗanta asibitin Irada, inda ake jinyar masu shaye-shaye, a watan da ya wuce.