Garin blefutu: a tuwo ya yi, a fanke a'a

Masu tambaya kan garin blefutun nan da ake saidawa cikin leda a wani butik wajen kasuwar Dole ta Damagaram, to na saya na gwada. A tuwo ya yi wallahi, amma fanke kam kar ma ku ɓata manku.

Wanda bai san shi ba, ɗan itace ne kore mai ƙurji-ƙurji a jiki, girman ƙaramar kankana, cikinsa fari, in ya dahu ɗanɗanonsa tsakanin doya da dankalin turawa. Asalinsa can Niyu Gini da tsibiran Pasifik, Turawan Ingila ne suka kwashe shi a jirgin ruwa suka kai Jamaika a 1793 wai don su ciyar da bayi da arha. Nan kusa da mu sai kudancin Benin da ƙasar Yarbawa, can dafawa suke su kirɓa sakwara ko su soya. Itacen mayen ruwa ne, yana son milimita 1500 zuwa sama a shekara, mu ko Damagaram in mun samu 400 da ɗoriya sai mu ce alhamdulillahi damina ta yi, don haka mai tunanin dasawa a garka ya hutar da kansa. Ɗanyen kuma kwana biyu uku ya nuna ya lafke, ba zai jure tafiyar kamiyo daga Kwatano ba, shi ya sa ake yanyankawa a shanya a niƙa, garin ne ke isowa gare mu.

Garin da laushi, ba fari tas ba ne, ya ɗan ja zuwa ruwan madara, kuma ba ya tsami irin na alabo. Abin lura shi ne shan ruwa, yana sha fiye da garin gero nesa ba kusa ba, in kika zuba da hannun da kika saba sai muciya ta tsaya cak a tukunya. Ki dama shi da ruwan sanyi tukuna ki yi talge, ki rage wuta sannan ki dinga barbaɗa sauran kaɗan-kaɗan kina tuƙawa, in ba haka ba gudaji zai yi miki. Nan da nan yake dahuwa, sai ki ga ya ɗan yi duhu yana sheƙi, malmalar na santsi a hannu ba ta dagargajewa. Da miyar kuɓewa ɗanya da busasshen kifi ya tafi daidai, da kuka ma ba laifi. Maigidan da ba ya yabon komai sai da ya ce a ƙaro, yara dai sun ce su tuwon shinkafarsu.

Fanke fa, garin ba shi da danƙon nan na alkama da ke riƙe iska in yis ya tashi, to kwaɓin bai kumbura ba, da na jefa a mai sai ya baje ya sha mai ya yi nauyi. Da na haɗa kashi ɗaya da kashi uku na fulawa ya tashi, amma in har sai na sa fulawa mai yawa haka me na saya kenan.

Kuɗin ne matsala, rabin kilo jika biyu da rabi na sefa na saya, kuma bai wuce tuwon dare ɗaya ba a gida mai mutane. Mai butik ɗin yana da kirki, bai ɓoye min ba ya ce Hajiya kuɗin mota ne ya cinye shi tun rikicin iyakar Benin na 2023. Sai dai ledar ba kwanan wata a jiki, bakinta kuma ba ya rufuwa in an buɗe, dole ki juye a roba mai murfi saboda ƙwari. Ki ɗaga ledar ki girgiza kafin ki biya, in garin ya dunƙule a ƙasa danshi ya shige ta, ki ce a canza miki wata.