A bar TRIM ya ratsa LUKS, ko a toshe shi?

Ɗan'uwanmu mai gyaran kwamfuta a Computer Village, Ikeja, ya tambaya: faifan SSD ɗin da aka kulle da LUKS, tsarin Linux na ɓoye bayanan faifai da kalmar sirri, a buɗe masa discard ko a bar shi yadda ya zo?

Malam, goge fayil daban, discard daban. In ka goge, ext4, tsarin fayil na Linux, rubutawa kawai yake cewa wurin ya zama fili, bayanan suna nan a ɓoye. Discard, wato TRIM, shi ke sanar da SSD cewa ya share wurin da gaske.

Yadda dm-crypt, sashen Linux da LUKS ke aiki a kansa, ya zo, discard a toshe yake, saƙon ba ya kaiwa faifai. Wanda ya sace faifan zai ga hargitsi tun daga farko har ƙarshe, muddin an cika shi da bazuwar bayanai kafin a kulle. Kuma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, manhajar ceto fayil ta photorec na iya dawo da shi in an buɗe makullin faifan. Illar ita ce SSD yana ɗaukan ko'ina a cike yake, yana ta kwashe shara daga wuri zuwa wuri, rubutu ya yi nauyi, faifai ya tsufa da wuri.

In ka buɗe discard, abin da Linux ke yarda da shi tun kernel 3.1, gudu yana dawwama kuma babu kalma ɗaya ta fayil da za ta tonu. Abin da ke fita shi ne taswira: yawancin SSD suna nuna sifili a inda aka share, sai mai bincike ya san yawan abin da ke ciki, ya ma iya gane tsarin fayil. Mai ɓoyayyen sashe irin na manhajar kulle faifai VeraCrypt kada ya kusanci wannan. Sannan bayan fstrim, umarnin da ke aika TRIM, ya wuce, abin da aka goge ya tafi, ka gaya wa kwastoma tun da wuri.

Ga laptop na ofis ko shago, mu dai buɗewa muke ba da shawara. A LUKS2, siga ta biyu ta LUKS, ga umarnin (sunan_faifai shi ne sunan da aka buɗe kullen da shi):

cryptsetup --allow-discards --persistent refresh sunan_faifai

Ko ka sa discard a /etc/crypttab, ka bi da update-initramfs -u in faifan tushe ne, wato wanda Linux ɗin ke kai, a Ubuntu ko Debian. Nan aka fi yin tuntuɓe. Sai ka kunna fstrim.timer, mai aiki sau ɗaya a mako.

Duba da lsblk --discard. In DISC-MAX ya nuna 0B a layin crypt, saƙon bai ratsa ba. In a layin faifan kansa ya nuna 0B, zargi akwatin USB ɗin, da yawansu ba sa isar da TRIM.