Gargaɗi: mai tallar piyano "kayan gwanjon duwan" a Facebook ɗan damfara ne

Assalamu alaikum ƴan uwa makaɗa da mawaƙa na Tawa da kewaye, musamman matasan da ke ƙoƙarin haɗa ɗan situdiyo a ɗaki. Akwai wani mutum, ko dai gungun mutane, da ke tallar piyano a Facebook da WhatsApp, wai suna da shago a Yamai kusa da Babbar Kasuwa. Kuɗi suke karɓa, kaya ba ya zuwa. Sun ci wani yaro da ke koyon haɗa kiɗa a wurina, sun kuma kusa cin wani mai waƙoƙin biki na Ƙwanni. Ban sa suna ko lambar waya a nan ba, domin shafin yakan sake suna, lambar ma haka. Salon cutar ne ba ya sakewa.

Tallar tana da kyau, wannan kam sai a ba su. Hotuna tas, kaya cikin leda, kwali a gefe. Yamaha PSR-SX900 jika 250, Korg Pa700 jika 200, ƙaramin PSR-E373 jika 45. In ka tambayi dalilin wannan araha, amsa a shirye take: kaya ne da duwan ta kama aka yi gwanjonsu, ko kuma na wani Bature ne ma'aikacin ƙungiya da zai bar ƙasar yana sauri. Da yake kowa ya ga Turawa da yawa sun tattara nasu ya nasu tun 2023, labarin yakan shiga kunne.

To, a yi lissafi. Kuɗinmu na sefa a ɗaure yake da Yuro, Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. PSR-E373 sabo, a shagunan Turai, wajen Yuro 200 aka riƙa sayar da shi, wato kimanin jika 130, tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan da ribar ɗan kasuwa ba. SX900 kuwa, wanda ya fito a 2019, sabonsa ya haura Yuro 1,500 nesa ba kusa ba, ana maganar miliyan ɗaya da wani abu. Ga kuma iyakar Benin da aka rufe bayan Yulin 2023, kaya masu yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, abin da ya ƙara wa komai tsada. A cikin wannan hali wani zai ba ka piyanon miliyan a jika 250, kai da bai taɓa gani ba? Ko da gwanjon gaskiya ne, ƴan kasuwar Yamai da ke da kuɗi a hannu ba za su bar kayan su kwana ba, balle a yi ta neman mai saye a Tawa, tafiyar kilomita sama da 500.

Ga yadda aka yi da yaron nan. Ya daɗe yana tara kuɗi, yayansa da ke ci-rani a Abijan ya cika masa. Ya rubuta wa mai shafin, nan take aka dawo masa da saƙon murya, murya mai sanyi ta dattijo: "Ƙanena, ai kai ɗan gida ne, ni ma kakannina Adarawa ne. Mutum uku ke kan wannan piyanon, amma tunda sana'a za ka yi da shi, kai zan ba. Ka sa kafin alƙalami jika 50, sauran in kaya ya iso hannunka." Aka turo masa bidiyo, hannu biyu suna kiɗa, ba fuska, ba magana. Aka turo hoton katin shaidar ɗan ƙasa, wai don ya natsu. Ya je ya aika kuɗin ta kamfanin aika kuɗi, da wani suna dabam da wanda ke kan katin, wai sunan yaron shago ne.

Da yamma sai ga hoton kwali an naɗe shi da salatif, an rubuta sunansa da lambarsa da maka, an ɗora wata takarda mai kama da rasit ɗin kamfanin bas. Wannan hoton shi ne ya gama da shi. Mutum ya ga sunansa a jikin kwali, ai zuciya ta riga ta ce kaya nasa ne. Washegari wani ya kira da wata lamba, ya ce shi ma'aikacin bas ne, an sauke kwalin a Dogon Dutsi saboda babu takardar duwan, a kawo jika 35 ko kaya ya koma. Yaron ya kira mai shafin, wato "Alhaji", Alhaji ya yi ta salati yana faɗa, ya ce shi zai biya 15, yaro ya kawo 20. Dubi wayo: ya mai da kansa abokin asara. Bayan wannan aka ce an iso Ƙwanni, saura kuɗin inshora. A nan ne yaron ya zo ya same ni, na ce mu tafi tashar bas ɗin da rasit. Ma'aikacin ya duba ya ce lambar ba irin tasu ba ce, kuma su ba sa kiran mai kaya ya aika kuɗi ta waya. Kafin magariba an toshe shi a WhatsApp.

Na Ƙwanni ya tsira ne da magana guda. Ya ce yana da ƙane a unguwar Wadata ta Yamai, zai zo shago ya gani ya biya a take. Sai shago ya zama sito, sito ya zama magazan na duwan da ba a shiga, daga ƙarshe aka ce kayan ma suna Lome tukuna. Duk mai sayarwar da ka ce za ka aiko mutum ya fara kewaye-kewaye, ciniki ya ƙare. Ba a cinikin biri a sama.

Akwai kuma wata cutar da ta fi wannan wuyar kamawa, domin kwali yakan iso da gaske. Abin da ke ciki ne ba shi ba. A nan rashin sanin kaya ke cin mutane, shi ya sa zan ɗan tsaya.

Abin da muke kira piyano a baki ɗaya iri-iri ne. Akwai mai rakiya, irin Yamaha PSR da Korg Pa da Casio CT-X: yana da muryoyin kayan kiɗa a cikinsa, yana da ganguna da bas da ke bin hannunka na hagu, yawanci da lasifikarsa. Shi ne na biki da waƙoƙin yabo da irin kiɗan finafinan Hausa. Akwai sintetiza zalla, irin microKORG da ya fito tun 2002, maɓallai 37 ƙanana, sauti huɗu kawai yake fitarwa a lokaci guda, ba lasifika, ba rakiya. Na ƙera sauti ne, yana da daɗi ga wanda ya san abin da yake nema, amma ba zai riƙe maka biki ba. Sai na uku, wanda ake kira kontrola na MIDI (MIDI shi ne saƙon da maɓallai ke aika wa kwamfuta), irin Akai MPK Mini ko Arturia MiniLab masu maɓallai 25. Wannan ba shi da sauti ko ɗaya a cikinsa. Sai an haɗa shi da kwamfuta, manhaja irin FL Studio ce ke ba da sautin. Ba jabu ba ne, ga mai kwamfuta ma shi ya fi araha da amfani. Amma ƴan damfara sukan tallata shi da bidiyon da aka ɗora wa kiɗa, a sayar wa wanda ba shi da kwamfuta a matsayin cikakken piyano. Ka kunna, fitilu su kama, shiru.

Wani kuma piyanon wasan yara ne na roba aka manna wa tambarin Yamaha. Wannan ganewarsa ba wuya in yana gabanka. Ɗaga shi: PSR-E373 na gaske ya haura kilo 4, SX900 ya haura kilo 11. Juya shi, a ƙasa akwai takardar masana'anta mai sunan samfuri da lambar siriyal, kuma sunan ya dace da wanda ke rubuce a sama. SX700 da SX900 allonsu mai launi ne da ake taɓawa da yatsa. SX600 mai launi ne amma ba a taɓa shi. Wanda ya ce maka SX900 ne alhali allon ɗan ƙarami ne mai rubutu baƙi, ka san inda aka dosa.

Ko cikin na gaske akwai wanda bai dace da situdiyo ba. PSR-F52 Yamaha ne sahihi, maɓallai 61, amma ba ya jin nauyin hannu, ka danna a hankali ko da ƙarfi sautin ɗaya ne, kuma ba shi da kafar USB ta haɗawa da kwamfuta. Na koyon yara ne. E373 yana jin hannu, yana da muryoyi 622 da rakiya 205, kuma wayar USB guda tana kai wa kwamfuta MIDI da sauti duka. A ganina mai ƙaramin ƙarfi da ke son abin da zai yi aiki a ɗaki ya kuma fita da shi, ya tsaya a wannan aji, ko Casio CT-X700, ya bar mafarkin SX sai aiki ya kawo kuɗinsa. Dukansu biyu suna aiki da batir 6 irin na rediyo, wanda duk mai zama a garin nan lokacin zafi ya san amfanin haka.

In na hannu ne za ka saya, wanda shi ne yawancin abin da ke kasuwa, je da wanda ya iya, kuma kada ka ji kunyar ɓata wa mai kaya lokaci. Bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga farko har ƙarshe, a hankali sannan da ƙarfi. Ƙurar hunturu takan shiga ƙarƙashinsu, inda wata roba ke taɓa allon lantarki, sai ka ji wani maɓalli ya mutu, wani kuma yana ihu ko da shafa shi ka yi. Ana gyarawa, amma a rage maka kuɗi. Buɗe gidan batir ka duba ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Sa abin kunne, ka juya maɓallin ƙara ka ji ko yana ƙarce. In da hali ka zo da kwamfutarka a haɗa a gabanka.

Sannan adafta. Wutarmu 220 ce. Kayan da suka fito daga Amurka sukan zo da adafta mai 120, na Japan 100. Ka soka shi a bango kai tsaye ya ƙone, wani lokaci ya tafi da piyanon. Karanta jikinsa, in an rubuta 100–240V babu damuwa. Abin da yake fitarwa ma ya dace: ƙananan PSR-E 12V suke ci, manyan PSR-S da SX 16V. Mai sayarwa ya ce "ai kowane adafta yana yi", kada ka yarda.

Wanda kuma aka riga aka ci, kada kunya ta sa ya yi shiru, don da shirun nan suke samun na gaba. Kada ka goge komai: saƙonnin murya, hotuna, lambobin da suka kira ka, rasit ɗin aika kuɗi. In yanzu ka aika, ruga wurin da ka aika ka nemi a tsayar tun ba a cire ba. Sannan ka kai ƙara wurin ƴan sanda; ƙasar nan tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma damfara ta waya tana ciki. Katin shaidar da suka turo maka kada ka watsa shi a Facebook kana tsinuwa, sau da yawa na wani bawan Allah ne da aka cuta kafin kai. Kai ma kada ka tura musu hoton naka, wai don a rubuta a kwali.

A makon nan shafin ya sake suna, ya koma tallar makirfo da katin sauti da lasifikar situdiyo. Hotunan sababbi ne, amma jar dardumar da ake shimfiɗa kayan a kai ita ce dai ta cikin hoton kwalin da aka tura wa yaron.