Shafin makaranta ko bakin malamai: wa ke ɗaga sunan kwaleji?

Wasu makarantu ofishin yaɗa labarai kaɗai suka yarje wa ya yi magana a Facebook: sanarwar ɗaukar ɗalibai, ranar jarrabawa, hoton shugaba a wajen taro. Ba a cika yin kuskure ba, amma uban da ke neman inda zai kai 'yarsa karantawa zai duba ya wuce.

Wasu kuwa sun sakar wa malamai mara. Malamin kimiyya ya saka bidiyon aiki a ɗakin gwaje-gwaje, malamar Hausa ta warware wa wani tambayar nahawu, nan take jama'a su shaida akwai ilimi a wurin. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya (ASUU) na wata takwas a 2022, malamai da dama a shafukansu suka riƙa kare matsayinsu, iyaye da ɗalibai na mayar musu da martani, wani lokacin da zafi. Matsalar ita ce, ranar da malami ɗaya ya ci mutuncin ɗalibi ko ya tsunduma cikin rigimar siyasa, hoton rubutun zai zagaye WhatsApp da sunan makarantar, ba nasa ba.

Ni dai na fi karkata ga hanya ta biyu, muddin an rubuta ƙa'ida: ba a saka makin ɗalibi ko hotonsa sai da izininsa.